In Allah ne ya shirya rasuwar ɗiyata, ina ta'aziyya a ciki?

"Baba Fasto, barka da aiki. Ni mai bi ne, a nan Damagaram nake zaune, ɗinki ne sana'ata. A daminar da ta wuce ɗiyata mai shekara 3 ta rasu, ta bar yayyenta biyu. Zazzaɓi ya kama ta da yamma, muka ba ta ƙwayar da ke gida, na ce a bari sai da safe don ba ko dala a hannuna. Da asuba ta fara fizge-fizge, muka hau kabu-kabu zuwa likita, kafin azahar ta cika. Duk wanda ya zo gaisuwa, musulmi da kirista, bakinsu ɗaya: haka Allah ya so, sai haƙuri. Ni kuwa maganar nan ba ta sanyaya mini zuciya. In Allah ne ya shirya, yaya zan durƙusa gaban wanda ya ɗauke mini ɗiya? In kuwa ba shi ba ne, to ni na kashe ta da sakacina. Na ji an ce kuna bin koyarwar Kalbin, wai ba abin da ke faruwa sai da nufin Allah. Ina ta'aziyya a cikin wannan?"

Ɗana, Ubangiji ya ba ka haƙuri, kai da maiɗakinka. Na karanta saƙonka, na ga tambaya biyu ce ka ɗaure wuri guda. Ɗaya a kan Allah: ko wanda ya yi wannan ya cancanci a amince da shi. Ɗaya a kan kanka: ko daren nan da ka jira shi ya kashe yarinyar. Ka ɗauka dole ɗaya ta zama gaskiya, ko Allah mugu ne ko kai mai kisa ne. Zan yi ƙoƙari in nuna maka cewa ba ɗaya daga cikin biyun da Littafi Mai Tsarki ya tilasta maka ka haɗiye.

Masu gaisuwar ba su yi ƙarya ba, kuma da zuciya ɗaya suka faɗa. Maƙwabtanmu musulmi sun gaskata ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, mu ma mun gaskata ba abin da ke kuɓuce wa Allah. Ba zan yi magana da bakin malamansu ba, sun fi ni sanin nasu. Amma a wajenmu, cewa "haka Allah ya so" a tsaya a nan rabin zance ne. Kamar dogari ne ya tsaya a ƙofar gida ya faɗi umarnin fada ya juya, ba ka ga fuskar mai umarnin ba, ba ka san ko yana ƙaunarka ko yana fushi da kai ba. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne sanin wane ne mai ikon.

Abin da Kalbin da mabiyansa suka koyar

Jan Kalbin Bafaranshe ne, an haife shi a 1509, ya yi yawancin aikinsa a birnin Jeneba, ya rasu a 1564. Mutane na zaton mai busasshiyar zuciya ne wanda ya zauna cikin littattafai. A 1540 ya auri wata gwauruwa mai suna Idelet. A 1542 ta haifa masa ɗa namiji, bakwaini, yaron bai daɗe ba ya koma. Sai Kalbin ya rubuta wa abokinsa Piyer Bire cewa Ubangiji ya yi musu rauni mai tsanani, mai ɗaci, da mutuwar jaririn, amma shi ma Uba ne, ya san abin da ya fi dacewa da 'ya'yansa. Ka lura bai zubar da ko ɗaya ba. Ya kira abin rauni mai ɗaci, ya ce daga hannun Ubangiji ne, ya kuma ce mai hannun Uba ne. A 1549 matar ta rasu bayan doguwar jinya, bai sake aure ba.

A 1563, a garin Haidilbag na ƙasar Jamus, masu wannan koyarwa suka tsara littafin tambaya da amsa don koyar da yara da manya. Tambaya ta 27 ta ce ganye da ciyawa, ruwan sama da fari, shekarar ƙoshi da shekarar yunwa, ci da sha, lafiya da ciwo, wadata da talauci, duka ba bisa tsautsayi suke zo mana ba, daga hannunsa na Uba suke. (Duk sa'ad da na karanta wa manoma jerin nan, musamman 'yan wajen Damargu, sai in ga sun gyaɗa kai, kamar wanda ya san farinmu ne ya rubuta.) Tambaya ta 26 kuwa ta ce Allah yana iya juya masifa ta zama alheri domin shi Maɗaukaki ne, yana kuma so ya yi domin shi Uba ne mai aminci. Iyawa da so, su biyun ake riƙewa tare.

To, bari mu gwada ɗaya hanyar. Akwai 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya da za su ce maka ba ruwan Allah, aikin Shaiɗan ne, ko kuwa ciwo ne kawai ya zo. Suna so su wanke sunan Allah ne. Amma ka bi maganar har ƙarshenta. In ba ruwan Allah a daren nan, to ran ɗiyarka yana hannun sauro ne da aljihunka, ran yayyenta biyu ma a can yake yau. Wanda bai iya tsare ta jiya ba, da me zai tsare su gobe? Ni ban ga ta'aziyya a nan ba. Yesu ya ce ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa da arha ba ya faɗuwa ƙasa ba da yardar Ubanku ba (Matiyu 10:29). Bai ce tsuntsun ba zai faɗi ba. Ya ce ba zai faɗi a bayan idon Uba ba.

Dubi Ayuba. Sabiyawa suka kwashe shanu, Kaldiyawa suka kore raƙuma, iska ta rushe gida a kan 'ya'yansa goma, mu masu karatu kuma mun san Shaiɗan na bayan abin. Duk da haka Ayuba ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, aya ta gaba kuma ta shaida bai yi zunubi da faɗin haka ba. Kalbin ya yi bayani a kan wannan wuri: aiki ɗaya ne, amma nufin ɓarayin daban, na Shaiɗan daban, na Allah daban. Ɓarayi na son dukiya, Shaiɗan na son Ayuba ya zagi Allah, Allah kuwa na da nasa nufi mai tsarki wanda Ayuba bai gani ba.

Saboda haka ba mu cewa Allah ne mafarin mugunta. Dattawan da suka rubuta shaidar bangaskiya ta Wesminista a Ingila a 1646 sun ce Allah ya ƙaddara duk abin da ke faruwa, amma ta hanyar da shi ba mai ƙirƙiro zunubi ba ne, bai tauye zaɓin mutum ba, bai kuma soke sanadi ba. Mu a garin nan mun koyi wannan da jikinmu ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u. Wanda ya zuba fetur zai amsa laifinsa gaban Allah, ba zai ɓuya bayan ƙaddara ba. Maƙwabcin da ya buɗe zaurensa ya ɓoye iyalin kirista, shi ma alherinsa nasa ne na gaske. Kuma ba wanda ya fizge ranar nan daga hannun Allah. Abin da Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa ke nan: kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri (Farawa 50:20).

Kada kuma ka ji "Allah ya so" ka ɗauka ya ji daɗi. Makoki 3:33 ya ce ba da son zuciyarsa yake wahalar da 'yan adam ba. Bulus ya kira mutuwa abokiyar gaba, wadda za a hallaka daga ƙarshe (1 Korantiyawa 15:26). Ka tambaya yaya za ka durƙusa gaban wanda ya ɗauke maka ɗiya. Amsar da nake da ita ɗaya ce, ban kuwa san wadda ta fi ta ba. Wanda kake durƙusa wa bai hana nasa Ɗa ba, ya ba da shi dominmu (Romawa 8:32). Bitrus ya ce bisa ga ƙaddararren nufin Allah aka ba da Yesu, amma mugayen hannuwa ne suka gicciye shi (Ayyukan Manzanni 2:23). Mafi munin abin da aka taɓa yi a duniya yana cikin shirin Allah, daga cikinsa kuma cetonmu ya fito. In ina so in san zuciyar Allah game da ni, ba a bakin kabarin da ke gabana nake karanta ta ba, a gicciye nake karanta ta. Daga can nake dawowa in tsaya bakin kabarin.

Daren da ka jira

A nan nake so in daɗe, don na san nan ne ƙaya ta fi shiga.

Ba zan ce maka daren nan bai da wani tasiri ba. Ni ba lokotoro ba ne, amma kowa ya san zazzaɓin cizon sauro na iya juyewa ga ƙaramin yaro cikin yini guda, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a kawo yaro da wuri. Na kuma binne yaran da aka kai tun zazzaɓin na sabo, na ga waɗanda aka kai a makare suka tashi suna wasa. Ko da an kai ta da yamma za ta rayu? Ba mahalukin da zai iya rantse maka a kan haka, ko ta wannan gefe ko ta wancan.

Koyarwarmu ba ta ba mutum damar ya shafe laifinsa da ƙaddara. Kalbin da kansa ya kawo misalin da ya yi kama da naka. Ya ce in wanda kulawarsa ke wuyanka ya mutu da ciwo alhali ka yi sakaci da shi, ko da yake ka san ya kai iyakar da ba zai wuce ba, ba za ka rage laifinka da wannan ba. Magana ce mai nauyi, ban ɓoye maka ita ba don ka san ba lallashi nake yi ba.

Amma sai a tambaya: sakaci ne ka yi? Sakaci shi ne mutum ya ga haɗari, yana da halin yin wani abu, ya juya baya. Kai da yamma ka ga zazzaɓi irin wanda yaranka suka sha yi suna warkewa. Ka ba da maganin da ke gare ka. Aljihunka wayam. Da ka ga abin ya sāke, ko gari bai waye ba ka ɗauke ta ka ruga. Yau kana yi wa mutumin yammacin nan shari'a da sanin da bai samu ba sai da azahar ta kashegari. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. A ganina, kuma na auna maganar kafin in faɗa, wannan talauci ne da iyakar sanin ɗan adam, ba kisa ba ne. Mai kisa ba ya hawa kabu-kabu da asuba rungume da yarinya.

Na sani fa, zuciya ba ta cika jin hujja ba. Za ta ce maka da ka buga ƙofar wane ka ranci jaka biyu, da ka ajiye girman kai. In ta nace, kada ka tsaya gardama da ita dare da rana. Ka ɗauki ɗan abin da kake gani naka ne, ko kunyar roƙo ce ko jinkiri, ka kira shi da sunansa gaban Allah, sau ɗaya, da gaske. An yi mana alkawari in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne, zai gafarta (1 Yahaya 1:9). Jinin Almasihu bai tsaya ga ƙananan laifuffuka ba. Bayan haka, abin da Allah ya yafe ba ka da izinin ci gaba da hukunta kanka a kansa.

A nan ne ikon Allah ke zama magani. Zabura 139:16 ta ce kwanakinmu duka a rubuce suke tun babu ko ɗaya daga cikinsu. Ayuba 14:5 ya ce Allah ya sa wa mutum iyaka da ba zai ƙetare ba. Shekara 3 ɗin nan ba ragowar wani dogon rai ba ne da ka yanke. Su ne kwanakinta cikakku, waɗanda Ubanta na sama ya ƙidaya. Kai uba ne, an ba ka amanar ciyarwa da kulawa, amma ba a taɓa ba ka mabuɗin rai da mutuwa ba. Nauyin da kake ɗauke da shi yanzu na Allah ne, wuyan mutum ba ya iya masa.

Za ka kuma ji masu raɗa, ko sun riga sun fara: wai maita ce, wai sammu ne, wai wani zunubi ne a gidan. Da almajirai suka tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, laifin wa, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:3). Abokan Ayuba ma lissafin nan suka yi, Allah kuwa ya tsauta musu a ƙarshen littafin. Kada ka bari a shigo maka da wannan cikin gida, balle a ɗora wa matarka.

Ina take yanzu, kuma yaya za ka yi addu'a

A taron da aka yi a Dordirek ta ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619, wanda ya tsara abin da yau ake kira koyarwar Kalbin a kan zaɓe, wato yadda Allah ke zaɓen waɗanda zai ceta, an rubuta a sarari cewa iyaye masu tsoron Allah kada su yi shakkar zaɓe da ceton 'ya'yansu da Allah ya kira tun suna ƙanana. Dalilinsu alkawarin alheri ne da ya haɗa masu bi da zuriyarsu. Ba don yaro ba shi da gādon zunubin Adamu ba, sai don ceto tun asali kyauta ne, ba ya jiran wayo ko aiki. Dawuda ya ce game da jaririnsa, ni zan tafi wurinsa, shi ba zai komo wurina ba (2 Sama'ila 12:23). Yesu ya ce a bar yara su zo gare shi. A kan wannan nake tsaye in ce maka ɗiyarka na wurin Ubangiji.

Maganar addu'a kuwa, kada ka jira sai zuciyarka ta yi laushi. Al'adarmu ta koya wa namiji ya haɗiye hawaye, ta koya wa iyaye kunyar nuna ciwon ɗa, har wasu masu bi suka ɗauka kuka rashin bangaskiya ne. Kalbin ya yi faɗa da wannan ra'ayi, ya ce akwai waɗanda ke so su mai da kirista dutse, alhali Ubangijinmu ya yi baƙin ciki ya zub da hawaye. Yesu ya san zai ta da Li'azaru nan da ɗan lokaci, duk da haka ya yi kuka a bakin kabarin.

Akwai wata uwa cikin zumuntar mata da ta rasa ɗanta, ta yi watanni ba ta buɗe baki a waƙa. Takan zo bayan an fara sujada, ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fita kafin a sa albarka. Matan suka so su je su yi mata faɗa. Na roƙe su su bar ta. Da na je gidan tare da matata, muka tarar takalman yaron na roba na nan a bakin ƙofar ɗaki, a jere, ba wanda ya taɓa. Ta ce, "Baba, in na buɗe baki zan yi saɓo." Na buɗe mata Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko ayar yabo ɗaya a ƙarshe. Ta sa na sake karantawa. Ta ce ashe an yarda a faɗa wa Allah haka. An yarda, shi ya sa aka ajiye ta cikin Littafi. Mai zaburar ya ce wa Allah kai ne ka jefa ni cikin rami, kuma ga Allahn nan dai yake kai kukansa. Da Zabura 88 ɗin nan za ka fara, da Zabura 13 da 42. In bakinka ya kasa, ka karanta su kawai.

Inda sanina ya tsaya

Ban san dalilin da ya sa ita ba, ko dalilin da ya sa yanzu ba. Asirai na Ubangiji Allahnmu ne, abin da aka bayyana shi ne namu (Maimaitawar Shari'a 29:29). Ayuba bai taɓa jin dalilin ba har littafin ya ƙare. Duk wanda ya zo ya ce maka ya san abin da Allah ke nufi da rasuwar nan, ka gode masa ka bar maganar a nan. Romawa 8:28 gaskiya ce, kome na aiki tare don alherin masu ƙaunar Allah, amma alherin da ake nufi aya ta 29 ta faɗe shi, wato mu zama da kamannin Ɗansa, kuma ba alkawari ba ne cewa za ka gane hanyar a wannan duniya. Ni ba na karanta ayar nan a ranar jana'iza. Ina jira sai mai makoki ya fara tambaya da kansa, kamar yadda ka yi yanzu.

Ka kuma sani ba duk masu bi ne suka yarda da Kalbin a kan kome ba. A majami'unmu akwai dattawa masu tsoron Allah da suke bayyana ikon Allah da zaɓin mutum ta wata hanya, 'yan'uwana ne. Na gaya maka abin da na gaskata ne, wanda kuma na ga ya riƙe mutane a makabarta.

In barci ya ƙaurace maka makonni, ko abinci ya ƙi shiga, ko tunanin cutar da kanka ya zo, ka gaya wa wani a ranar, ka kuma ga lokotoro. Wannan ba gazawar bangaskiya ba ce.

Ka zauna da maiɗakinka ka faɗa mata abin da ka rubuto mini. Sau da yawa nakan tarar miji na zargin kansa a shago, mata na zargin kanta a tsakar gida don ita ta ba da ƙwayar, kowa na tsammanin ɗayan na riƙe da shi. Yayyen yarinyar kuma su kwana cikin gidan sauro, in masu rabon maganin rigakafi na damina sun zo ƙofa a karɓa wa wanda shekarunsa suka dace, don Allahn da ya ƙaddara kwanaki shi ya ba da sanadi. In zazzaɓi ya sake shigowa gidanka da dare ba kuɗi, ka buga ƙofar dattijon ikkilisiya ko tawa, ko ƙarfe nawa ne, akwai abin da muke ajiyewa don irin wannan. Ranar Lahadi bayan sujada ina nan, ku zo ku biyu.